Me za mu kira dokar "nas ɗaya, majinyata kaza" da Hausa?

Jama'a, ina neman masana harshe da ma'aikatan asibiti su sa baki. Akwai abin da Turawa ke kira nurse-to-patient ratio: doka ta ɗaure asibiti cewa a kowane duti, na safe ko na yamma ko na dare, nas ɗaya ba za ta riƙe majinyata fiye da kaza ba, haka ma ungozoma. Masu fassara kowa da tasa. Wani ya ce "rabon nas da marasa lafiya", wani ya ce "mafi ƙarancin adadin ma'aikatan jinya", wani ya ce reshiyo ya wuce abinsa.

Bari mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar a 1999, aka soma aiki da ita a 2004. A sashen kulawa ta musamman, nas ɗaya majinyata biyu. A sashen gaggawa, huɗu. A ɗakunan kwanciya na gama-gari an fara da shida, a 2005 aka mayar biyar. Kuma dokar ta ce a kowane lokaci, wato ko abinci nas za ta je ci sai an samu wadda za ta riƙe mata majinyatanta. Jihar Queensland ta Ostareliya ta bi sahu a 2016: huɗu da safe da yamma, bakwai da dare.

Lissafin ba na wasa ba ne. Binciken Linda Aiken da abokan aikinta na 2002, a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka duba asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, sakamakon ya sake fitowa haka. Don haka sunan da za mu ba abin dole ya zama mai haƙori.

"Rabo" ba ta yi ba. Ka ce "rabon nas", Bahaushe zai ɗauka gwamnati ce ke rarraba sababbin ma'aikata ga ƙananan hukumomi. "Kaso" kuwa ta riga ta tare a gidan kashi cikin ɗari.

"Adadi" ita ce na fi tsoro. Shugaban asibiti zai iya bugun ƙirji ya ce yana da adadin nas ɗari biyu, kuma bai yi ƙarya ba, alhali wasu na hutu, wasu na karatu, wasu na ofis, ɗakin maza kuwa da dare mace ɗaya ce da gado talatin. Adadi lissafin takardar albashi ne. Haka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na likita da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, bai gaya maka wa ke tsaye a bakin gado ƙarfe biyun dare ba.

Shawarata ita ce NISABI. Nisabin nas, nisabin ungozoma.

Kalma ce da yaro da babba suka sani. Kowa ya san nisabi iyaka ce ta ƙasa, ba zaɓin mutum ba ce, an riga an yanke ta. Kuma kowace dukiya da nata: raƙuma 5, shanu 30, tumaki da awaki 40, zinariya dinari 20. Haka asibiti, kowane sashe da nasa. Ga wata riba kuma. Babban ƙorafin da ake yi wa irin wannan doka shi ne masu asibiti su mayar da iyakar ƙasa ta zama iyakar sama, su cika ta su tsaya nan. To babu Bahaushen da ya taɓa jin nisabi ya ɗauka nan arziki ya ƙare.

Wani malami ya kawo gyara mai ƙarfi: a zakka wanda bai kai nisabi ba babu komai a kansa, asibitin da bai kai ba kuwa laifi ya yi, to ina haɗin? Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Amma mu duba nisabin sadaki, wanda ake sanarwa tare da na zakka da diyya. A mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, wanda ya kawo ƙasa da haka sai ya cika. Wannan ma'anar nake nufi. Asibiti ya gaza nisabi, ko ya kira wata nas ta cike, ko ya dakata da kwantar da sababbin majinyata. Batun cewa kalmar addini ce kuwa, ai hukunci da wajibi da wakili duk ta ƙofar makarantar zaure suka shigo, ga su yanzu a kotu da majalisa.

Wata 'yar'uwa ta fi son "gwargwado". Hajiya, kalmarki na da gurbi, amma ba wannan ba. Yankin Wales na Birtaniya ya yi tasa dokar a 2016 ba tare da ya yanke lamba ba. Cewa ya yi a riƙa lissafa ma'aikatan kowane ɗaki bisa tsananin ciwon waɗanda ke kwance da kuma hangen manyan nas. Wannan shi ne gwargwado. Na Kalifoniya da Queensland shi ne nisabi. Kin ga mun samu kalma biyu ga tsari biyu da ake ta muhawara a kansu.

Sai a kiyaye abu guda: kada a ce "nisabin masu jinya". A asibitocinmu mai jinya shi ne ɗan'uwan da ke kwana kan tabarma a gefen gado, shi ke sayo magani, shi ke kai fitsari. Aka sa shi cikin lissafi, kowane asibiti ya wuce nisabi tun jiya. Haka "ungozoma" a nan ta asibiti ake nufi, mai lasisin hukumar nas da ungozoma, ban da ta unguwa.

Na ungozoma ma yana da nasa rikicin. A Ingila ƙa'idar ita ce mace mai naƙuda sosai ta samu ungozoma guda tata ita kaɗai. Bayan haihuwa fa, jariri mutum ne a lissafi ko kuwa an haɗa shi da uwarsa? Ungozoma mai mata shida a takarda, a zahiri rai goma sha biyu take kula da su. Ungozomomin Queensland sun daɗe suna fafutuka a kan haka, a 2024 majalisar jihar ta amince a riƙa ƙirga jariri daban.

Ga yadda zai fito a labarai: "Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta nemi a kafa nisabin nas a asibitocin gwamnati." Ko: "Ɗakin haihuwa ya kwana ƙasa da nisabi." Ni dai bai yi mini nauyi a baki ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da kuka gaji sunayen asibiti daga Faransanci, ya kuka ji shi a kunnenku?