Neman shawara kan wani labari da ya cije

Ina rubuta labari a kan wani yaro a ƙauyen ƙasar Kazaure, wanda ya gaji rikiɗa zuwa kura daga mahaifinsa, tsohon gardi mai yawo da kuraye a kasuwanni. Uban ya ɓoye masa wannan gado shekara da shekaru, har ranar da yaron ya farka a bakin rafi da jini a hannunsa.

Inda na tsaya shi ne haɗuwarsu bayan wannan dare. A al'adarmu ɗa ba ya ɗaga wa mahaifinsa murya, balle ɗan fari da ake yi wa alkunya, amma idan yaron ya yi shiru kawai, mai karatu ba zai ji zafin yaudarar ba. Ta yaya zan nuna fushinsa ba tare da na mai da shi marar tarbiyya ba?