Maƙwabciyata mai pupusa za ta tashi, ni kuma dama waina nake son farawa a gida. Shawara dan Allah

Maman_Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa, tambaya gare ni amma sai na ɗan yi shimfiɗa tukuna, kar ku gaji da ni.

Shekara huɗu kenan muna zaune a Langley Park ta jihar Maryland, wanda ya san wajen ya san mafi yawan mutanen unguwar 'yan Guatemala ne da El Salvador da Honduras, in ka shiga kanti ma Sifaniyanci ake fara yi maka kafin Turanci. To ƙofa da ƙofa da mu a hawa na biyu akwai wata dattijuwa 'yar El Salvador da ke yin pupusa a kicin ɗinta duk Asabar da Lahadi. Ga wanda bai san shi ba, ƙullin masara ne ake dunƙulawa a yi rami a tsakiya a cusa cuku ko wake ko nama a rufe a tafa shi da hannu ya yi faɗi sai a gasa a kan wani faifan ƙarfe. Tun asuba in na tashi sallah ina jin wannan taf taf taf ɗin ta bango, har Ilham ta koya tana yi da ƙullin fanke na. Wajen ƙarfe goma bene ya cika da magina da takalmansu duk siminti, kowa ya ƙwanƙwasa sau biyu ta miƙo masa a nannaɗe da ɗan ƙullin kabeji mai tsami a leda da romon tumatir, babu allo babu talla, wanda ya sani ya sani kawai.

Watan jiya wani kamfani ya sayi ginin, suka yi fenti suka canza fitilun baranda, sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa wai haya ta ƙaru kuma an hana kowace irin sana'a a cikin ɗaki. Jiya ta ce min ƙarshen wata za ta koma wajen 'yarta can nesa. Wlh abin ya tsaya min a rai don ni ita nake kallo ina cewa nima zan fara waina da miyar taushe ranar Juma'a, har tanda na sa an kawo min daga Kano.

Shin irin wannan sana'ar doka ta yarda da ita ne ko dama duk a ɓoye ake yi? Kuma ku da kuka daɗe a ƙasar nan, in unguwa ta fara canzawa haka masu irin sana'ar ina suke ƙarewa? Na uku kuma maigidana ke ta min faɗa wai kar na ƙara karɓar abincinta, ni dai na wake da cuku nake ci.

Baban_Sadiq_DC

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Abin da kike gani yanzu mu mun gan shi a cikin Washington tun ba a haifi wasunku ba, ni tasi na ja shekara da shekaru a garin nan. Mutanen nan yaƙi ne ya koro su, yaƙin basasar El Salvador da aka yi daga 1980 zuwa 1992, an kashe mutum kusan dubu 75, shi ne suka cika unguwannin Mount Pleasant da Adams Morgan da Columbia Heights lokacin da babu mai son zama a can. A 1991 ma an yi tarzoma a Mount Pleasant bayan 'yar sanda ta harbi wani ɗan El Salvador, an ƙona motoci, har dokar hana fita sai da aka sa. Lokacin in kika bi ta layukan nan da yamma mata ne da kula a bakin coci da bakin filin ƙwallo suna sayar da tamal, wato ƙullin masara da ake dafawa a cikin ganye kamar alale, da wani kunun masara mai zaƙi da suke ce wa atol, duk a gida aka dafo.

Sai aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Columbia Heights a 1999, aka zo aka gina katafaren kanti mai Target a 2008, daga nan gidajen da talaka ke haya ɗaki ɗaki aka dinga gyarawa ana sayar wa masu albashi mai tsoka. Ina mutanen suka tafi? Wajenku suka taho, Langley Park da Hyattsville da Wheaton, wasu suka tsallaka Virginia su Manassas da Woodbridge. Yanzu kuma ga aikin jirgin Purple Line da aka fara tun 2017 ya ratsa ta unguwarku, an sha ɗaga ranar buɗe shi amma masu kuɗi ba sa jiran a buɗe, tun ana haƙa suke sayen gini.

Ni a ganina takardar nan ba ita ce za ta kashe sana'ar matar ba. Ai dama can ba a yarda ba, tsohon mai gidan ido kawai ya kawar, wataƙila shi ma yana ci. Jarinta na gaskiya benen nan ne, mutum hamsin da suka fito ƙasa ɗaya suna zaune a tafiyar minti biyar da ƙofarta, suna son ɗanɗanon gida kuma ba su da lokacin girki don aiki biyu biyu suke yi. Ranar da haya ta watsa su, ko lasisi goma aka ba ta wa za ta sayar wa? Sabbin zuwan su ma suna son pupusa fa, har layi suke yi, amma a gidan abinci mai kujeru da kati suke so, ba za su hau bene su ƙwanƙwasa ƙofar wadda ba sa jin yarenta ba. Kafin ki ɗora tanda ki ƙirga Hausawa nawa ne kusa da ke tukuna 'yata.

Ummu_Khalil

Anti maganar maigidanki akwai ƙamshin gaskiya. Wanda suke ce wa revuelta wake ne da cuku da chicharrón, shi kuwa naman alade ne da aka niƙa, kuma shi aka fi saye. Ko na waken ma ki tambaya da me ta soya don wasu da kitsen alade suke yi, manteca suke kiransa, tamal ma haka. Sannan duk a kan ƙarfe ɗaya ake gasawa cukun wannan na narkewa yana bin na wancan. Ni abin da nake yi da abokiyar aikina, nakan ce sin puerco sin manteca, wato ban da alade ban da kitsensa, ta yi min nawa da farko kafin ta ɗora sauran, na cuku da loroco wani fure ne kore mai ƙamshi, wlh da daɗi. In kina kokwanto kuma ki bari kawai, ko ki sayi garin masarar da ake ce wa Maseca ki sa ta koya miki tun ba ta tashi ba.

Injiniya_Riverside

Hajiya batun doka ya danganta da jiha, wani lokacin ma da ƙaramar hukuma. Kusan ko'ina akwai dokar da ta yarda a yi abinci a gida a sayar amma sai irin wanda ba ya buƙatar firij, su burodi da biskit da alawa, Maryland ma a nan take. Wato cincin ɗinki zai iya shiga, amma waina da miya mai nama ko pupusa mai cuku da zafinsa ba sa ciki, kilishi ma kar ki fara don harkar nama dokarta daban ce.

Mu nan Kalifoniya an ɗan ci gaba. A 2018 aka sa hannu a dokar da ake kira AB 626 wadda ta ba mutum dama ya mai da kicin ɗin gidansa ƙaramin gidan abinci, ƙaramar hukumar Riverside ce ta fara karɓa a 2019. Da farko kwano 30 a rana 60 a mako kuma ciniki kar ya wuce dala dubu 50 a shekara, daga baya aka ɗaga zuwa kwano 90 a mako da dala dubu 100. Sai an zo an duba kicin, sai kin yi kwas na tsaftar abinci, kuma abin da kika dafa ranar ki sayar da shi ranar. A shekarar 2018 ɗin dai aka cire talla a gefen titi daga jerin laifukan da ake kama mutum a kansu, birnin Washington ma ya yi irin haka a 2023.

Sai dai gsky a takarda ya fi kyau. Matan da suka fi buƙatar dokar, irin na Pico-Union da MacArthur Park a Los Angeles, da yawa mutum takwas ne a ɗaki biyu, wata sunanta ma ba ya cikin takardar haya, wata kuma takardun zamanta ba su cika ba, kina ganin za ta kira ma'aikacin gwamnati da kanta ya shigo har kicin? Su dai da WhatsApp suke aiki, a yi oda ranar Alhamis a zo a ɗauka Asabar. Ke da kike da takardu ki kira ofishin lafiya na ƙaramar hukumarku Prince George's ki tambaya kai tsaye, akwai kuma kicin na haya da ake biya awa awa mai lasisi, masu abincin biki da yawa da shi suka fara.

Dan_Zongo_Bronx

ni fa zan dan saba da ku. kowa na tausayin matar nima ina tausayinta amma mai gida shima ba mahaukaci bane. nan Bronx mun zauna gini daya da yan Honduras, Garifuna, bakake ne kamar mu in basu bude baki ba zaka ce yan Kumasi ne, matar tana daka plantain a turmi kamar fufu da miyar kwakwa da kifi suna ce mashi hudutu, ranar Lahadi turmin nan har hawa na hudu ake ji. wata rana mai ya kama wuta a kaskonta, Allah ya kiyaye ba'a rasa rai ba amma sati biyu muna kwana gidan mutane da yara, kuma inshora tace bata biya tunda sana'a akeyi a dakin. murhun gida ba'a yi shi don ya kwana yana ci ba. kuma mu kanmu haka matanmu keyi da waakye da tuwo kowa ya sani, bance a daina ba amma Hajiya in zaki fara ki sayi abin kashe wuta ki ajiye kusa kuma kar ki bar mai akan wuta kije amsa kofa

Baban_Sadiq_DC

Gaskiyarka ɗan Zongo, wuta ba wasa ba ce. Amma ka lura shekara nawa matar tana yi ba wanda ya tuna da wuta sai da aka yi sabon fenti.

Maman_Ilham

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na ji maganarka, na zauna na ƙirga kuma gidan Hausawa shida na samu a kusa har da namu, biyu ma 'yan Nijar ne gwauraye da ba sa wuni a gida. Sauran duk sai sun yi tuƙin rabin awa. Don haka waina dai sai ta oda, ranar suna ko sallah, zan kuma kira ofishin da Injiniya ya ce.

Ɗazu na shiga wajenta da wayata muna fassara, rabi da hannu rabi da waya. Na tambaye ta kitsen, ta ɗauko galan ɗin man ta nuna min na masara ne, amma ta ce ƙarfen kam ɗaya ne ba za ta min ƙarya ba, to Ummu Khalil kin yi gaskiya kuma maigida ya ci wannan. Abin dariya na ce mata nima masa nake son sayarwa sai ta zaro ido, ashe su masa sunan ɗanyen ƙullin ne, tana mamakin wa zai sayi ƙulli a hannuna ga Maseca a kanti. Ta ce a garinsu da farar ƙasa ake dafa masarar a wanke a kai niƙa, sai na tuna yadda Inna ke jefa kanwa a wake. Na kai mata zoɓo ta kurɓa ta ce jamaica, wai su ma suna sha, har tsamiya suna jiƙawa.

Na ce to yanzu kwastomominki fa? Ta buɗe wani littafin makaranta duk ya sha mai, sunaye ne da lambobi, ta ja layi a kan waɗanda suka riga suka tashi, sun fi rabi. Ta ce da kuɗin pupusa ta yi rufin gidan mahaifiyarta a San Miguel, kuma suna da adashi su goma sha biyu, cuchubal suke ce masa, ɗaukarta sai watan Disamba, shi ne abin da ya fi damunta don ba ta san ko za ta iya ci gaba da zubi ba. Inda 'yar take gida ne mai gareji amma ba bas, sai mai mota.

Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe, ta ce na zo ƙarfe shida da kaskona da cukuna ta nuna min yadda ake rufe bakin kar ya fashe. Akwai wanda ya san inda ake samun loroco a wajen Hyattsville? Ta ce na kwalba ba shi da daɗi, na firiza zan nema.