Ina iyakar littafi a cikin tsohon kundi?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamai. Kundayen Larabci na Sham da Masar, irin na ƙarni na 13 zuwa na 15, sukan tara risala da yawa a bango ɗaya. Yaya ake gane inda wata ta ƙare, wata ta fara? Rubutun gefe kuma, na mawallafi ne ko na mai kwafa?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Kada ka dogara da sunan da ke shafin farko, sau da yawa wani ne ya ƙara shi daga baya. Nemi bisimilla, sai hamdala, sai "amma ba'adu". A nan mawallafi yakan ambaci sunan littafinsa. A ƙarshe layuka sukan riƙa tsukewa har su ƙare a kan "tamma". Sannan ka ƙirga: damin takarda, wato kurrasa, galibi warƙa 10 ne. Idan ka samu 8 ko 9, duba kalmar da ke can ƙasan bayan warƙa, ka ga ko ita ta buɗe ta gaba. In ba ita ba ce, wani abu ya faɗi, har risala biyu kan manne kamar ɗaya. A kundayenmu na Kano da Barno da ba a ɗinkewa, wannan kalmar ce ke riƙe jeri.

Malama:
Ɗan'uwa, gefe ba abu ɗaya ba ne. Idan ɗan layi ya tashi daga tsakanin kalmomi ya lanƙwasa zuwa gefe, aka rufe rubutun da "sahha", matani ne da aka tsallake, dole ka mayar da shi. Ibn Salah, malamin hadisi wanda ya rasu a 1245, ya bayyana wannan ƙa'ida. Harafin خ na nuna karatun wata nusuha, wato wani kwafi na littafin. "Balaga" kuwa alama ce ta inda aka tsaya wajen gwada kwafi da asali. Ɓarnar takan zo ne idan mai kwafa na baya ya ɗauki sharhi a matsayin gyara, ya cusa shi cikin matani.

Mai Alƙalami:
Haka ne, Malama. A kula da kwanan wata ma, domin wasu sukan kwafe shi yadda suka tarar a asali. Ɗaga warƙar a haske. Tambarin cikin takarda a Italiya ya fara, ƙarshen ƙarni na 13. In ka gan shi, alhali an rubuta shekara ta 600 bayan hijira, wato tun kafin a fara tambarin, shekarar ta asalin da aka kwafo daga gare shi ce.