Rakun ta haihu a rufin gidanmu, wa ya taɓa fama da haka?

Daga Toronto: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan muna jin taku a silin da dare, jiya kuma sai kuka siriri kamar na 'yan tsaki. Maigida ya haska tocila ya ga rakun, wata 'yar dabbar daji mai baƙi zagaye da ido, da jarirai a ƙarƙashinta. Yana so ya toshe ramin da take shiga in ta fita kiwo. Hankalina bai kwanta ba.

Daga Bronx: Hajiya, don Allah ki hana shi. Haka na yi wani watan Mayu. Uwar ta kwana tana yagar katako da hannuwan nan nata masu yatsu biyar, kafin asuba ramin ya ninka. Ba ta kai gare su ba. Wari ne ya nuna mana inda 'ya'yan suka mutu, su uku, ko ido ba su buɗe ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga Mississauga: Mu fitila da rediyo muka bari a kunne kusa da makwancin. Duhu da shiru take nema, kuma tana da wasu maɓoya a unguwa, da kanta ta kwashe 'ya'yan. Kada ku kama ta ku kai daji, dokar lardinmu na Ontario ba ta yarda a wuce kilomita 1 ba. Kashinta kuma yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa mai taɓa ƙwaƙwalwa, kwashe shi sai da safar hannu da takunkumi, a bi wurin da tafasasshen ruwa. Yara su yi nesa da ita saboda ciwon haukan kare.

Daga Kassel, Jamus: A nan baƙuwa ce. A 1934 aka sake ta kusa da tafkin Edersee, a 2016 Tarayyar Turai ta sa ta cikin dabbobi masu mamaya. Ta bututun ruwan sama take hawa, sai muka naɗe namu da kwano mai santsi.

Daga Toronto: Allah ya saka da alheri. Mun kunna rediyon. Daren jiya na gan ta a kan katanga da ɗaya a baki, na ƙirga sawu uku. Har yanzu akwai mai kuka a sama, maigida ya ce ragar ƙarfen toshe ramin ta jira.