Kira ne ko neman mafita? Muhawara kan yawaitar masu son zama Fada da Sista

Malamin makaranta, Sabon Gari:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujadar Mas a babban cocinmu na Katolika a Kano, Our Lady of Fatima, na tsaya hira da wasu dattawa, sai ɗayansu ya ce abin alfahari ne yadda seminarorin Najeriya, wato makarantun horar da masu son zama Fada, suka cika maƙil a daidai lokacin da ake kulle na Turai. Ban musa masa ba, domin alƙaluman da fadar Vatican take fitarwa suna nuna cewa tun wajen 2012 adadin masu karatun zama Fada yake raguwa a duniya, amma a Afirka hawa yake yi, har ta kai kusan kashi 1 cikin 3 na ɗaliban duniya 'yan nahiyarmu ne. Inda muka rabu shi ne dalili. Ni a ganina, ko da zai yi wa wasu ɗaci, talauci da rashin aikin yi ne suke tura yawancin yaran nan. Yaro ya gama sakandare, ubansa ba shi da kuɗin jami'a, ya ɗaga ido ya ga Fada da mota da gida da mai dafa masa abinci, ga girma duk inda ya shiga, me zai hana shi cewa an kira shi? Ku dubi ƙasar Ayalan. Lokacin da take cikin fatara ita ta cika mu da masu bishara, daga can Sistocin St Louis suka iso Kano a 1948, kuma bishop ɗinmu na farko, Patrick Sheehan, ɗan can ne. Da arziki ya samu, yau babbar seminarin da ta rage musu a gida ita ce ta Maynooth.

Katekis (malamin koyar da addini a coci) mai ritaya, daga ƙauyukan Rogo:
Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ina ganin ka hango motar Fada amma ba ka bi hanyar da ake bi kafin a kai gare ta ba. Wanda ya shiga babbar seminari, ko ta St Augustine da ke Jos ko ta Good Shepherd da ke Kaduna, zai yi shekara guda ta horon ruhaniya, ya yi wajen 4 yana karatun falsafa, ya yi wasu 4 na tauhidi, ga aikin gwaji a faris, wato cocin yanki da Fada yake kula da shi, ga dokar Ikilisiya da ta hana a keɓe mutum firist, wato Fada, kafin ya cika shekara 25. Mai neman abin duniya da gaggawa ba zai jure kusan shekara 10 ana kaɗa masa ƙararrawa tun asuba ba, alhali sa'o'insa sun buɗe shago a Kantin Kwari sun yi aure. Sannan a wannan yankin farar rigar Fada ba garkuwa ba ce. A Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga seminarin Kaduna suka kwashi ɗalibai 4, suka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro, a Satumban shekarar kuma ɗalibi Na'aman Danlami ya mutu a gobarar da mahara suka cinna a Fadan Kamantan. Duk wannan a kunnen yaran nan aka yi shi, kuma ba su fasa neman shiga ba.

Malamin makaranta:
Baba Katekis, Allah ya ƙara girma, amma soja ma ana kashe shi, kuma duk ranar ɗaukar sababbi sai ka ga layin ya zagaye bariki. Haɗari ba ya korar wanda yunwa ta biyo.

Wata uwa, 'yar Zumuntar Mata:
Ɗana Malam, ka yi ta zancen Fada ka manta da Sista, kuma a nan ne lissafinka ya karye. 'Yata ta biyu Sista ce. Ta riga ta sami takardar aikin jinya, ga manemi da iyayensa sun zo gaisuwa har gida, ranar da ta durƙusa gabana ta ce ita zuhudu take so. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Babanta kuwa ya shekara bai ambaci sunanta ba, don shi abin da ya gani shi ne ba sadaki, ba jikoki, ga kuɗin makarantar da ya sayar da shanu biyu ya biya. Sista tana ɗaukar wa'adi uku, na talauci da tsarki da biyayya, kuma albashin da take samu a asibiti na ƙungiyarsu ne, ko sisi ba ya shiga hannunta. In ta zo hutu da 'yar jakarta guda take zuwa, takalmin da na gani a ƙafarta bara shi na sake gani bana, an ɗinke igiyarsa. Ka faɗa mini wace mafita ta samu da ba ta da ita tun farko?

Tsohon ɗalibin seminari, yanzu ma'aikacin banki:
Mama, Allah ya saka miki, amma ku bar ni in faɗi abin da na gani daga ciki, domin na yi shekara 6 kafin a sallame ni da wasiƙa mai layi biyu wadda ba ta faɗi laifina ba, abin da har yau nake ganin ba a kyauta ba. Malam bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su da suka faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa digirin falsafa suka zo nema, da sun samu suka kama gabansu. Akwai kuma wanda ya san ba zai iya rayuwar ba, amma ya kasa fita saboda tun yana aji biyu ake kiran mahaifiyarsa Maman Fada a ƙauyensu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan mai neman mota. Sai dai kuskuren Malam shi ne ɗaukar niyyar ranar shiga a matsayin niyyar ranar keɓewa. Na ga wanda tuwo ya kawo shi, shekaru suka gyara shi, yau yana wani ƙauye da babur yana bin ƙananan majami'u, na kuma ga mai zafin ibada da ya watse a shekara ta uku. Abin da ya kamata mu tsananta a kai shi ne tantancewa. Seminari irin Bigard ta Enugu, wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a duniya, tana ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai, kuma duk inda ɗalibai suka yi wa masu horarwa yawa, mai iya ɓoye halinsa yakan wuce, mai yawan tambaya kuma a sallame shi.

Malamin makaranta:
Na karɓi gyaran Mama a kan Sistoci, domin ba ni da amsarsa. Na kuma yarda cewa Fadan dayosis (yankin da bishop yake shugabanta), wanda alkawarin rashin aure da biyayya yake yi ba wa'adin talauci ba, dabam yake da ɗan ƙungiyar zuhudu. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa mini batun Ayalan.

Tsohon ɗalibin seminari:
Ayalan ba arziki kaɗai ne ya same ta ba, Malam. Haihuwa ta ragu, zuwa coci ya ragu, sannan abin kunyar cin zarafin yara da aka bankaɗo tun shekarun 1990 ya zubar da mutuncin malaman Ikilisiya a idon iyaye. Gidan da ke da 'ya'ya 7 kuma ake addu'ar dare tare, ya fi sauƙin sakin ɗaya a kan gidan da ke da 2. Kuma da talauci ne kaɗai ma'auni, ai da ƙauyuka mafiya fatara sun fi kowa ba da Fada, alhali inda aka fi samun su shi ne inda makarantun mishan suka daɗe da kafuwa, kamar ƙasar Ibo. Yanzu ma ruwan ya juya, domin ƙungiyar St Paul da Kadinal Dominic Ekandem ya assasa a 1977 tana aika 'yan Najeriya aiki Amurka da Turai.

Katekis mai ritaya:
Wannan magana ta ƙarshe ita ta kawo ni inda ciwon yake. Ana ta murnar yawa, amma ni da na yi shekara 30 ina jagorantar sujada ranar Lahadi saboda Fada sai bayan makonni yake iya zagayowa, tambayata ita ce nawa ne cikin masu yawan nan za su iya sauraron furcin zunubin tsohuwa Bamagujiya da harshenta? Dayosis ɗin Kano ya tsaya da ƙafafunsa ne a 1999, ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, kuma Bishop John Namaza Niyiring yake riƙe da shi tun 2008. Tsakanin faris na birni da majami'ar ƙauyen Sumaila ko Tudun Wada akwai tazara mai yawa, ba ta hanya kaɗai ba. A wurinmu namijin da ya wuce talatin bai ajiye iyali ba tuzuru ne, ko da wace riga ya sa, shi ya sa uba yakan ji kamar an yi masa rashi in ɗansa ya ce seminari zai tafi. Akwai wani yaro a ƙauyenmu, shi yake yi wa Fada hidima a bagade tun yana ƙarami, bana ya ce zai rubuta jarrabawar shiga. Talauci a gidansu ba a magana, amma uban bai ga wata mafita a ciki ba. Ya same ni a gindin ɗorawa ya ce, Katekis, in ya tafi wa zai riƙe mini garma, wa kuma zai haifa mini mai sunana? Malam, in kana da lokaci ranar Asabar ka zo mu je tare, ka maimaita masa bayaninka na mota da gida, mu ji abin da zai ce.

Malamin makaranta:
Zan zo, Baba, in Allah ya yarda. Amma ina roƙon a bar ni in fara keɓewa da yaron shi kaɗai kafin mu shiga wurin uban.