Neman kalmar Hausa: me za mu ce da "regulate"?

Assalamu alaikum malamai, 'yan jarida da masu fassara. Akwai wani aikatau na Turanci da ba ya rabuwa da labarai, wato regulate, kuma har yau ba mu tsaya a kan magana ɗaya game da shi ba. Wannan gidan rediyo ya ce kula da, wancan ya ce sa ido, wani ya ce daidaita, wani ƙayyade, na'urar fassara kuma ta ce sarrafa. Ina da shawara a kai, amma sai mun fara duba aikin da kalmar take yi, sannan mu leƙa yadda wani harshe ya yi da ita. A ƙarshe zan amsa tambayoyi da ƙorafin da wasunku suka yi a kan shawarar.

Asalinta Latin ne, daga regula, miƙaƙƙen itacen da ake ja layi da shi. Rular da yara ke zuwa makaranta da ita ma daga nan sunanta ya samo tushe. Bature yana amfani da kalmar a wurare uku da ba su yi kama da juna ba. Mai gyaran agogo yana yi wa agogo don kada ya yi gudu ko ya yi nawa. Jiki yana yi wa kansa, kamar yadda insulin ke hana sukari yin yawa a jini. Gwamnati kuma tana yi wa bankuna, kamfanonin waya da masu sayar da magani. Wanda ya nace sai kalmar Hausa ɗaya ta ɗauki ukun nan, zai zalunci biyu daga ciki.

Harshen da nake so mu duba shi ne na Cek, wata ƙasa a tsakiyar Turai. Masu magana da shi kimanin miliyan 10 ne, ba su kai ko kusa da yawanmu ba. Na zaɓe shi ne saboda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. A ƙarƙashin daular Habsburg, wato gidan sarautar Ostiriya da ya mulke su, Jamusanci ya mamaye ofisoshi da manyan makarantu, har aka riƙa ganin harshen Cek na manoma ne da 'yan aiki. A ƙarni na 19 malamansu suka tashi tsaye suka ƙera masa kalmomin ilimi. Josef Jungmann ya kammala ƙamusunsa mai juzu'i 5 a 1839. Iskar da muke cewa oksijin, su kyslík suke cewa, daga kalmarsu ta tsami. Sannan da za su shiga Tarayyar Turai a 2004, dole ta sa suka juya tulin dokokin tarayyar zuwa harshensu, kuma regulate na ko'ina a cikin dokokin nan.

To, ba su ba ta kalma ɗaya ba. Idan inji ne ko agogo ko birkin mota, seřídit suke cewa. Idan tafiyar da abu ne da riƙe akalarsa, řídit, wadda ita ce kalmar tuƙa mota. Direba řidič, daraktan makaranta ko kamfani ředitel. Dukkansu dangin řád ne, wato tsari. Daga wannan gida dai aka sami nařízení, sunan da suka ba dokar Tarayyar Turai da take aiki kai tsaye a kowace ƙasa ba tare da majalisar ƙasar ta sake zartar da ita ba, irin ta kare bayanan mutane da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Kada harafin ř ya tsorata kowa, 'ya'yansu ma sai sun ɗan tasa suke iya furta shi.

Akwai upravit, gyara abu ya zauna daidai. Da ita mace ke gyara gashinta, da ita kuma dokokinsu da yawa ke buɗewa: tento zákon upravuje, ma'ana wannan doka ita ke tsara kaza da kaza. Akwai usměrnit, daga směr, wato alƙibla: a karkatar da abu ya bi hanyar da ake so ba tare da an ɗaure shi tamau ba. A ƙarshe akwai regulovat, wadda aro ce tsagwaronta. Mutanen da suka ƙera wa oksijin suna ba su ji kunyar aron wannan ba. Hukumarsu ta makamashi da ke birnin Jihlava, wadda ta fara aiki a 2001, sunanta Energetický regulační úřad.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokarsu ta farashi, mai lamba 526 ta 1990, wadda aka yi ana gab da sakar wa kasuwa mara a Janairun 1991 bayan faɗuwar gurguzu. Dokar ta ɗauki regulace a matsayin uwa, sai ta jera 'ya'yanta. Akwai inda hukuma ke yanka farashi da kanta. Akwai inda ba ta yankawa, sai dai ta faɗa wa kamfani irin kuɗin da ya halatta ya lissafa cikin farashinsa da ribar da ba za ta wuce hankali ba. Wannan suke kira věcné usměrňování, kuma da shi ake sa kuɗin ruwan famfo a ƙasar. Akwai kuma inda ake daskarar da farashi na ɗan lokaci. Ke nan yanka farashi reshe ɗaya ne kawai. Wannan shi ya sa nake cewa ƙayyade ba za ta iya zama fassarar regulate a ko'ina ba.

Mu dawo gida. Biyu daga cikin wurare ukun nan da Bature ke amfani da kalmar ba mu da matsala da su. Na inji, bakanike da mai gyaran agogo sun riga sun yanke hukunci tuntuni: saita, saiti. Ba wanda zai ƙwace musu. Na jiki da na ruwa da na zafi, daidaita ta wadatar: insulin yana daidaita sukarin jini, gumi yana daidaita zafin jiki, dam yana daidaita kwararar kogi.

Sarrafa kuwa, don Allah mu daina. Bahaushe na sarrafa shinkafa, yana sarrafa fata, yana sarrafa gyaɗa ta zama mai da ƙuli. In ka ce hukumar sarrafa wutar lantarki, mai sauraro zai ɗauka ita ke samar da wutar, gobe in an ɗauke ita zai zaga, alhali ba ta da ko janareta ɗaya da ke ba gari wuta.

Giɓin yana wurin na uku, aikin hukuma a kan wata sana'a. Ɗauki NERC, hukumar harkar wutar lantarki ta Najeriya, wadda dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa. A Afrilun 2024 ta mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, naira 225 kowane yunit. Nan ƙayyade ta dace sarai. Amma hukumar nan ita ke ba da lasisi, ita ke shimfiɗa sharuɗɗan sa mita, ita ke cin tarar kamfanin rarraba wuta, ita ke sauraron koken mai biyan kuɗi. Kula da ta yi laushi a nan, don uwa ma na kula da ɗanta, kuma babu tara a cikinta. Sa ido rabin aikin ne, mai sa ido bai zama lalle shi ya kafa sharaɗin ba. Tsara ta fi kusa da zana abu tun kafin a fara, kamar tsara birni.

Shawarata ita ce ƙa'idanta. Daga ƙa'ida, a kan hanyar da Hausa ta saba bi: hukunci ya ba mu hukunta, inganci inganta, haram haramta. Kunnenmu ma ya riga ya saba da "a ƙa'idance". Ma'anarta: a shimfiɗa wa abu ƙa'idoji, a bibiyi bin su, a hukunta wanda ya karya. Tana juyuwa yadda ake so. Babban Bankin Najeriya ne ke ƙa'idanta bankuna. NAFDAC, tun kafa ta a 1993, aikinta ƙa'idanta abinci da magunguna. Ƙa'idantaccen farashi, ƙa'idantacciyar kasuwa, ƙa'idantattun makarantu. Tana kuma cike wani gurbi da muhawararmu ke yawan rasawa. In maganar acaɓa ta taso, ko ta tallan maganin gargajiya a lasifika, sai ka ji mutane sun rabu biyu, masu cewa a haramta da masu cewa a ƙyale. Akwai hanya ta uku, kuma rashin sunanta a baki na daga abin da ke sa a manta da ita.

Malam, na ga tambayarka cewa me zai hana mu ce dokanta. Dalilina shi ne doka ta majalisa ce. Majalisa ta yi doka, dokar ta haifi hukuma, hukumar ta fitar da ƙa'idoji a ƙarƙashinta. In muka ce dokanta, mun haɗe matakai biyu da lauya ke buƙatar ya raba su a gaban alƙali.

Ɗan'uwana na Damagaram, gaskiyarka da ka ce Faransanci ma ya raba kalmar gida biyu. Réglementer shimfiɗa ƙa'idar ne, réguler kuma riƙe harkar kada ta karkace, kuma na biyun ne ke cikin sunan ARCEP, hukumar sadarwa da gidan waya ta Nijar. Ina ganin ƙa'idanta za ta ɗauki duka biyun a labarai na yau da kullum. Inda rubutun shari'a ne ake son bambancewa, sai a ce shimfiɗa ƙa'ida ga na farko, a bar ƙa'idanta ga na biyu. Zai yi kyau a ce Kano da Yamai sun yi amfani da kalma ɗaya tun daga farko, kada ta zama kamar wasu kayan zamani da kowane ɓangare ya aro sunansu daga wurin Baturensa.

Hajiya, ƙorafinki shi ya fi nauyi, kuma ban raina shi ba. Kin ce tsohuwa a ƙauye da ke sauraron labaran ƙarfe bakwai ba ta san ƙa'idanta ba, amma ta san kula da. Haka ne. Sai dai aikin da kalmar ke nufi ba baƙo ba ne a wurinta. Ta san Sarkin Pawa ne ke duba dabbar da za a yanka, shi ke hana a sa naman mushe a kan tebur, shi ke tsawata wa mahaucin da ya saɓa. Ta san Sarkin Kasuwa da rigimar mudun da aka bubbuge gindinsa. Wannan shi ne regulate tun kafin Bature ya zo. Ta kuma san ƙa'ida, tana faɗinta a adashi. Abin da ya rage shi ne mai karanta labarai ya raka sabuwar kalmar da bayani a karon farko: hukumar da ke ƙa'idanta harkar wuta, wato mai kafa wa kamfanoni ƙa'ida da hukunta su. Sunayen hukumomin da aka riga aka saba da su, irin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ban ce a taɓa su ba.

Saura kishiyarta, deregulate, wadda wani ƙanena ya tambaya. Mutanen Cek deregulovat suka ce, suka huta. Mu muna da abin da ya fi wannan daɗi a baki. Lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da aka riƙa faɗi shi ne gwamnati ta cire hannunta daga farashin mai, ta sakar wa 'yan kasuwa mara. A labari da hira wannan ya isa, ba sai an ƙera komai ba. A takardar hukuma kuwa, inda sakin mara zai yi kama da zancen majalisar shayi, ina ba da shawarar sassauta ƙa'ida idan rage sharuɗɗan aka yi, janye ƙa'ida idan an ɗauke su gaba ɗaya. A harkar man ma sassautawa ce, domin hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, har gobe ita ke ba gidajen mai lasisi, ita ke kuma rufe wanda ta kama yana tauye lita.