Muhawara: A bar rakoda a kunne daga asuba zuwa dare?

Malam Sanusi, Zango: Assalamu alaikum. Maganar da na yi a fada ina nan a kanta, kuma na kawo ta nan domin waɗanda ba su halarta ba su sa baki. Duk wanda yake son adana tarihin rayuwarsa ya bar rakoda a kunne tun daga sallar asuba har ya kwanta, kada ya tsaya zaɓen abin da ya cancanci naɗa, domin mutum ba ya sanin darajar magana sai bayan mai ita ya tafi. Wurin ajiya ya daina zama hujja: sautin MP3 mai kilobit 64 a sakan yana cin kimanin megabait 29 a awa, wato awa 16 ba su kai rabin gigabait ba, shekara guda kuwa kimanin gigabait 170.

Injiniya Mamman, Birni: Malam Sanusi, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a wurin da aikin yake da sauƙi. Ƙaramar rakoda irin Zoom H1n tana aiki da batir biyu na AAA, waɗanda ba sa wuce kimanin awa 10, don haka kafin isha'i ta mutu a aljihunka. Wanda ya zaɓi WAV, tsarin ajiye sauti da ba a matse ba, domin tsabtar sauti zai cinye fiye da megabait 600 a awa, kuma katin ajiya da aka tsara da tsarin fayil na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4, sai na'urar ta rarraba shi. Duk wannan ana iya magance shi. Abin da ba a magance ba shi ne nema. Awa 16 sau kwana 365 ya ba da awa 5,840. Idan kana son kalmar da mahaifiyarka ta faɗa da damina, a wace awa za ka same ta, alhali rabin sautin ƙarar kabu-kabu ce da hayaniyar Kasuwar Dole?

Malam Sanusi: Manhaja za ta yi wannan, Injiniya. Ana sa wa kowane fayil suna da shekara da wata da rana, a yanke shiru da manhajar gyaran sauti ta Audacity, sannan a bai wa Whisper ya mayar da magana rubutu.

Injiniya Mamman: Whisper, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, yana da Hausa cikin harsunansa, amma ingancinsa a kanta bai kusa da na Ingilishi ko Faransanci ba, balle Hausar Damagaram da muke cakuɗawa da Faransanci a jimla ɗaya, kuma mutum huɗu suna magana lokaci guda a kan shayi. Deb Roy na jami'ar MIT a Amurka ya naɗi kimanin awa 140,000 na sauti a gidansa domin nazarin yadda ɗansa ya koyi magana, kuma sai da ya haɗa da ma'aikata masu rubutawa da hannu. Kai kuma da wa za ka yi?

Hajiya Rabi, Garin Malam: Ku gafarce ni, 'yan uwa, kuna ta maganar batir da kati kamar muryar Malam Sanusi kaɗai ce za ta shiga na'urar. Yinin mutum cike yake da maganar wasu. Maƙwabciyar da ta shigo neman rance, da ƙanin da ya zo da matsalar aurensa, da matar gida da take faɗar abin da ba za ta faɗa a gaban baƙo ba, babu wanda ya yarda a ajiye maganarsa shekara da shekaru. Hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Ban ga yadda za a riƙe wannan amana a katin da yaro zai iya ɗauka ya sa a wayarsa ba.

Malam Sanusi: Hajiya, na ji, kuma ba leƙen asiri nake nufi ba. Zan sanar da iyalina, zan kuma kulle fayilolin da kalmar sirri.

Hajiya Rabi: Iyalinka za ka sanar, to baƙon da ya yi sallama fa? Ranar da mutane suka san kana ɗauke da ita, za su fara tauna magana a gabanka, kuma hirar da kake son adanawa ita ce farkon abin da za ka rasa. Ka kuma tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita.

Zainabu, ɗaliba a Jami'ar André Salifou: Baba Sanusi, da izininka. Masu nazarin halayyar ɗan Adam, Matthias Mehl da James Pennebaker, sun ƙirƙiro wata hanya mai suna EAR, inda na'ura take ɗaukar sakan 30 kawai bayan kowane minti 12 da rabi, sannan a bar mai ɗauke da ita ya saurara ya goge abin da bai so ba. Wannan yana nuna fasalin yini ba tare da kwashe hirar kowa gaba ɗaya ba. Idan kuwa labarin tsofaffi kake so, a ganina zama na musamman da izininsu ya fi, kamar yadda masu tattara tarihin baka na cibiyar CELHTO a Yamai suke yi.

Malam Sanusi: 'Yata, sakan 30 ba zai kama labarin da tsohuwa ta fara ba zato tana tsinkar zogale ba, kuma da zarar an ajiye mata na'ura a gaba sai ta ce ba ta da abin faɗa. A kan baƙi na yarda da Hajiya, zan riƙa kashewa a zaure da kuma waje. A cikin gida kuwa ban janye ba. Injiniya, wace rakoda ce take ci gaba da naɗa tana jone da batirin caji na waje?